Bangon Gida da Launinsa: Lacca Ga Jama'ar Zango



Ina miƙa gaisuwa ga sarakunanmu na zango da suka tako da kansu, Allah ya ja zamaninku. Da malamanmu, limamai da ladanai, Allah ya gafarta muku. Da iyayenmu mata na wannan kasuwa ta Malam Atta, waɗanda suka rufe rumfunansu tun da sauran ciniki domin su ba mu wuri, Allah ya sa albarka a cikin nema. Da masu gidaje da 'yan haya na Nima da Mamobi da Kotobabi da Alajo. Sa'an nan da magina da masu fenti, waɗanda su ne malamai na haƙiƙa a wannan fanni.

Abin da aka umarce ni in yi magana a kai shi ne zaɓen launin fentin da za a shafa wa bangon gida ta waje. Na san ba za a rasa wanda zai ce a ransa, ashe har launin bango ya isa a tara dattawa dominsa ba? To, sai ya yi tunani: mai gida in ya sa an shafa fenti ya biya lada, shigewa ɗakinsa yake yi, ba ya ganin bangon sai in zai fita ko ya dawo, alhali maƙwabcin da ƙofarsa ke kallon wurin shi ne zai buɗe ido a kansa kowace safiya har shekara biyar ko goma, kuma ɗan hayan da ke kwana a bayan bangon shi ne zai sha zafin da launin ya tara masa. Saboda haka ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa wa hujja a yammacin nan, shi ne cewa akwai masu ta-cewa da dama da ya kamata a saurara tukuna, watau bangon da kansa, da rana, da ruwa da ƙura, da mutanen unguwa, kana daga ƙarshe a tambayi zuciyar mai gida abin da take so.

Mas'ala ta farko ita ce bangon da kansa. Kakanninmu da suka baro Kano da Katsina da Zazzau da Damagaram, suka bi hanyar Gwanja fataucin goro har Salaga da Kumasi, daga baya wasu suka gangaro bakin teku nan Akara, sun baro wani irin gini a bayansu wanda launinsa daga jikinsa yake fitowa. Magini yakan ɗora tubali da jar ƙasa, ya jiƙa ɓawon ɗorawa ya sami makuba ya yi shafe da ita, ko ya haɗa laso da katsin marina, sa'an nan a kawo farar ƙasa a yi wa zaure ado. Abin da ke kare bango daga ruwa shi ne kuma ke ba shi launi, ba a raba su gida biyu ba. Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, sanin halin ƙasa da azara ne ya ɗaukaka shi. Mu kuwa da muka koma bulo da siminti, mun raba kariya daban, launi daban, har mun wayi gari muna sayen launi mu manta da kariya.

Ku dubi abin da ya sami tsohon masallacin Larabanga a arewacin ƙasar nan. A shekarun 1970 aka yi masa shafen siminti da kyakkyawar niyya, sai simintin ya kulle danshi a cikin ƙasar ginin, gara ta sami itatuwan, har wani hadari da aka yi a 2002 ya ɓarke wani sashe na hasumiya da mihirabi. Ba a sami lafiyarsa ba sai da aka kankare simintin aka koma yaɓe irin na da. Bangon da ke ɗauke da ruwa a cikinsa, duk abin da ka rufe shi da shi, ruwan zai nemi mafita. Da yawa daga gidajen Nima da Mamobi an gina su ba tare da an shimfiɗa leda ko kwalta a kan harsashi ba, ga kwata kuma tana bin gindin bango dare da rana, don haka danshi yakan hau daga ƙasa ya kawo wani farin gishiri mai kama da gari, ya tura fenti ya kumbura, yaro ya sa farce ya ɓare shi. Sai ka ji ana zargin mai fenti da ha'inci, alhali bawan Allah bai ci amanar kowa ba. Gwajin kuwa ba shi da wuya: ka sami leda, ka manna ta a jikin bango ka toshe gefunanta huɗu da salatif, ka bar ta ta kwana ta wuni, in ka ɗaga ka tarar da raɓa a ƙarƙashinta, to, kuɗinka na magini ne tukuna, ya gyara magudana, ya toshe tsaga, ya ɗinke indararo. Sabuwar filasta kuma a bar ta kamar mako huɗu ta sha iska, domin kaifin sabon siminti yana cin launi. Wanda bangonsa ya ƙi rabuwa da danshi, ya nisanci fentin mai. Fentin ruwa ko farar ƙasa sun fi barin bango ya yi numfashi.

Mas'ala ta biyu ita ce rana, kuma a nan ne nake so masu gidajen haya su buɗe kunne, domin su ke zaɓe wasu ke kwana a ciki. Sabon farin fenti yakan mayar da wajen kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa, baƙi kuwa ba ya mayar da ko kashi 10. Abin da bai koma ba bulo ne ke shanye shi, ya riƙe shi tun daga Azahar, sai bayan Isha'i, sa'ad da mutum ya shimfiɗa tabarma yana neman barci, ya fara sakinsa cikin ɗaki. Da yake Akara tana kusa da tsakiyar duniya, rana takan bi ta bisa kanmu ne, don haka kwanon rufi shi ya fi shan wuta, sai bangon yamma da ke karɓar ranar La'asar, sai na gabas. Wane ne a cikinmu bai san ɗakin da ake gudu a gidansu ba, wanda fanka ke juyawa a cikinsa har asuba ba ta tsinana komai? Ku je ku duba, galibi bangonsa yamma yake kallo. In aka shafa wa irin wannan bango ruwan makuba ko shuɗi mai duhu don ya yi kyau a hoto, an ƙara wa ɗan haya kuɗin lantarki, kuma an rage masa barci ba da shawararsa ba. Turawan da suka gina gidajen ganuwa na Osu da Elmina da Kef Kos da farar ƙasa suke shafe su, kuma har yau haka ake yi musu.

Rana tana da wani aiki na biyu, watau cin launi. Ja mai ƙyalli, da ruwan hoda, da shuɗi mai zurfi, su ne ke fara koɗewa, kuma ba sa koɗewa daidai; gefen da inuwa ke rufewa ya zauna da kyansa, gefen rana ya yi fari-fari, gida ɗaya ya zama kala biyu ba da nufi ba. Launukan da aka haɗa da ma'adinin ƙasa, irin ruwan ƙasa da rawaya mai sanyi da jan tubali, su suka fi jimiri.

To, ashe sai kowa ya shafa fari fat ke nan a huta? A'a, kuma wannan ita ta kawo mu ga mas'ala ta uku, wadda ta shafi ruwa da ƙura da hayaƙi. Ina roƙon kowa, in an tashi daga nan, ya bi kowane lungu ya ga dama daga bakin kasuwa zuwa Nima, ya tsaya gaban bango guda ya karanta shi daga ƙasa zuwa sama. Daga ƙasa zuwa gwiwa zai ga feshin taɓo da ruwan sama ya fantsama, da koren gansakuka inda rana ba ta kaiwa. Daidai ƙugu zai ga sawun takalmin samarin da ke jingina, da zanen gawayin yara, da inda akuya ke goga jiki. A gefen ƙofa zai ga duhun hannuwa, domin kowa nan yake dafawa ya cire takalmi. A bisa bencin majalisa zai ga jerin tabo daidai inda dattawa ke jingina ƙeya. In akwai mai koko da ƙosai ko mai waakye a wurin, zai ga harshen hayaƙi ya lasa har ƙarƙashin kwano, kuma daga bakin indararo zai ga zaren tsatsa ya gangaro. Wannan shi ne abin da bango zai zama bayan damina biyu, ko da me aka shafa masa. Hikima ita ce a zaɓi launin da zai ɗauki wannan kaya ba tare da ya tona asiri ba.

Shi ya sa nake goyon bayan tsohuwar dabarar nan ta raba bango biyu: daga ƙasa zuwa ƙugu a sa launi mai duhu, ruwan makuba ko ruwan toka mai nauyi, irin wanda ake iya wankewa da soso, daga nan zuwa sama a sa mai haske wanda aka ɗan karya farinsa, ruwan madara ko ruwan ƙasa mai sauƙi, wanda ƙurar hunturu in ta kwanta masa ba ta nuna kanta. Sa'an nan a ajiye launin da rai ke so, ko kore ne ko shuɗi ko ruwan goro, a ba ƙyaure da tagogi, inda galan guda ya isa, kuma in an gaji da shi a sake shi a wuni ɗaya. Uku sun isa. Na huɗu sai a bar wa shagon aski.

Akwai kuma lokaci. Babbar daminarmu takan kama daga Afrilu zuwa Yuli, Yuni shi ne tsakiyarta, kuma babu wanda ya manta da ambaliya da gobarar daren 3 ga Yuni na 2015, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Sakul. Ƙaramar damina takan zo daga Satumba zuwa Nuwamba, sa'an nan hunturu ya shigo da hazonsa a Disamba da Janairu. Mu kuwa al'adarmu ita ce a yi fenti don Salla, alhali Salla da wata take tafiya, kowace shekara tana matsowa da kwana goma sha ɗaya. A 2023 da 2024 da 2025 duk cikin Yuni aka yi Babbar Salla. Wanda ya shafa fenti ana jibi layya, hadari ya haɗu da La'asar, ya san inda kuɗinsa suka gangara. Gara a nemi ƙarshen Nuwamba kafin ƙura ta yi ƙarfi, ko Fabrairu da farkon Maris, kuma mai fenti ya riƙa bin inuwa, kada ya shafa a bangon da rana ta gasa.

Mas'ala ta huɗu: launi yana magana, kuma a ƙasar nan bakinsa da kaifi. Ja da fari da shuɗi na jam'iyyar NPP ne mai giwa. Kore da fari da ja da baƙi na NDC ne mai laima. Ja da fari da kore na CPP ne mai zakara. Sai ka ga dattijo wanda bai taɓa halartar taron siyasa ba ya shafa farin bango, ya sa shuɗin ƙyaure da jar taga don su ya samu da rahusa, shekarar zaɓe ta zo, rabin 'yan hayansa suna yi masa kallon ɗan giwa. Ja da rawaya da shuɗi kuwa, yara za su ce Alhaji ya shiga ƙungiyar ƙwallo ta Hearts of Oak. Ja da baƙi a wurin Tonawa da 'yan uwansu tufafin makoki ne, mutanen Ga kuma, masu ƙasar da muke zaune a kai, sukan shafa jar ƙasa a gefen ƙofofinsu lokacin bikin Homowo. Wanda ya zauna cikin mutane, sanin urfinsu yana daga cikin ladabin zama da su. Jan fenti ɗaya ne kawai ba a shawartar mai gida a kansa, shi ne wanda ma'aikatan hukuma ke rubuta umarnin tsai da gini da shi, Allah ya tsare bangonmu daga wannan.

Game da kore, Allah ya gafarta malamai, ku ne masu fatawa, amma abin da tarihi ya nuna shi ne cewa ƙubbar da ke bisa kabarin Manzon Allah a Madina ba a shafa mata kore ba sai a 1837, zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Mahmudu na Biyu. Masallacin Larabanga fari ne, babban masallacin ƙasa da aka buɗe a Kanda a 2021 shi ma bangonsa mai haske ne. Son kore abu ne mai kyau, kuma al'ada ce mai daraja, sai dai ba ta kai matsayin wajibi ba, balle a ga laifin kwamitin masallacin da ya zaɓi ruwan madara saboda zafi.

Sai kuma kamfanoni, waɗanda sukan zo su shafe maka gida kyauta, MTN da rawayarsa, wani da jansa, wani da shuɗinsa, su rubuta sunansu da manyan baƙaƙe. Ban ce haramun ba ne, kuma ban ga laifin gwauruwar da ba ta da kuɗin bokiti ko ɗaya in ta karɓa ba. Amma a sani wannan ijara ce, ka ba da hayar bangonka an biya ka da fenti, ijara kuwa a wurin malaman fiƙihu tana bukatar a san ajalinta da ladanta. Har yaushe tallan zai zauna? In ya koɗe wa zai sabunta? Kamfanin Tigo ya haɗe da Airtel a 2017, Vodafone ya koma Telecel a 2024. Suna yakan sauya a ofis cikin dare ɗaya, bango kuwa ya ci gaba da tallan abin da babu shi. A yi yarjejeniya a rubuce, da shaidu.

Mas'ala ta biyar ita ce mafi nauyi a wurina, watau gidan gado da haƙƙin maƙwabtaka. Tun daga Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na ashirin, har Nima da Malam Amadu Futa ya sara a shekarun 1930, tsarinmu guda ne: maigida ya gina gida mai tsakar gida, ya saukar da baƙi, ya rasu ya bar wa 'ya'ya, su ma su bar wa jikoki, har ɗaki goma sha biyu ya zama yana da masu shi ashirin, wasu a nan, wasu a Jamus, wasu a Amurka. Wanda ya aiko da kuɗi sai ya ce a shafe daidai ɗakin mahaifiyarsa da ruwan hoda, mai shagon gaba ya shafa nasa rawaya, na uku ya bar simintinsa tsirara don fushi, sai bango ɗaya ya riƙa ba duk mai wucewa labarin rigimar da ke cikin gida. Bangon waje dukiya ce ta tarayya, kuma abokin tarayya ba ya tasarrufi cikin abin da aka haɗa sai da yardar sauran. Me zai hana magada su zauna sau ɗaya, a gaban babban gida ko limamin unguwa, su daidaita a kan launi biyu, a rubuta sunan fentin da lambarsa a ajiye tare da takardun gida, duk wanda Allah ya hore wa ya shafa nasa sashe da wannan launin, ko bana ko baɗi?

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya hana mutum buɗe tagar da za ta tona asirin maƙwabcinsa, kuma asalin hukuncin shi ne kawar da cuta. Ban ce launi ya kai taga ba, amma a lungun da mutum biyu ba sa iya jerawa, bangonka shi ne fitilar ɗakin maƙwabcinka: in mai haske ne ya tura masa haske ta taga, tsohuwa ta iya zura zare a allura da rana ba tare da kunna ƙwai ba, kuma daren da aka ɗauke wuta mai zuwa masallaci ya ga gefen kwata, in mai duhu ne ya mayar da lungun kogo. Ban kuma ce kowa ya zama ruwan madara ba. A Kef Tawun ta Afirka ta Kudu akwai unguwar Musulmi mai suna Bo-Kaap, inda kowane gida da launinsa mai kaifi, har baƙi na zuwa kallo daga nesa. Amma abin da ya sa ta yi kyau shi ne gidajen tsayinsu kusan ɗaya, kuma galibi farin fenti ya zagaye ƙofofi da tagogi ya ɗaure su wuri guda. Mu ma muna da matasa masu zanen bango, irin su Moh Awudu ɗan Nima, waɗanda aikinsu ya fita har ƙasashen waje. Lungun da ya haɗa kai ya kira irinsu ya fi wanda kowa ya ja nasa.

Mas'ala ta shida gajeriya ce, ta ranar saye. Iyayenmu mata na wannan kasuwa ba sa yanke wa atamfa hukunci a inuwar rumfa, sai sun fito da ita rana sun warware. Haka za a yi wa fenti. Ɗan katin da ake nuna maka a shago ƙarami ne, kuma a ƙarƙashin ƙwan lantarki ka gan shi. A faffaɗan bango da tsakar rana launin yakan fi haske, ya fi kuma kaifi. A sayi ƙaramin gwangwani, a shafa kamu biyu a bangon rana da na inuwa, a duba da safe da Azahar da gab da Magariba. Ko fentin Azar ka saya ko Leyland ko Coral, ka tabbata na waje ne, ka sayi abin da zai isa shafi biyu a lokaci guda don kada launi ya saɓa, kuma kada a tsinka shi da ruwa fiye da ƙima don ya yi auki. Araha ba ta ado. Sa'an nan a kula da dalma, wadda aka daɗe ana sawa a fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan goro. Amurka ta hana ta a fentin gidaje tun 1978, kuma iyakar da hukumomin duniya ke kira a tsaya a kai ita ce kashi 90 cikin miliyan. Mun ji abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. A karanta jikin gwangwani, a nemi wanda aka rubuta ba shi da dalma, kuma in za a kankare tsohon fentin mai, a jiƙa shi tukuna, a kawar da yara da masu juna biyu, a share ɓawon kafin kaji da masu rarrafe su kai gare shi.

A nan zan dakata.  Yanzu fili naku ne: mai tambaya ya ɗaga hannu, mai gyara kuma, musamman daga cikin magina da masu fenti, ya gyara ba tare da jin nauyi ba. Ina roƙon a fara da iyayenmu mata, domin wasunsu na da girki a gaba kafin Magariba.